Usman, Uthman, Ousmane ko Osman: me ya sa suna ɗaya yake da rubutu barkatai?

Tun daga ƙarshen 2020 da aka ce sai kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN, sannan JAMB ta ce daga 2021 babu mai yin rajistar jarrabawa sai da NIN, daga baya kuma a ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya ya fito da nasa umarnin cewa kowane asusu sai an haɗa shi da BVN ko NIN, wasu asusun ma duka biyun, mutane da yawa suka fara gano cewa sunan da suke amsawa shekara da shekaru ashe ba iri ɗaya aka rubuta shi a takardunsu ba. Masu suna Muhammad su suka fi shan wannan wahalar don nasu rubutun ya fi yawa, amma masu suna Usman ma ba a bar su a baya ba. Mutum ɗaya sai ka ga takardar firamare ta ce Usuman, ta sakandare ta ce Usman, a banki Othman, shi kuma da ya girma ya yi karatun Islamiyya sai ya koma rubuta Uthman a Facebook da katin aiki.

A gefe guda kuma ga muhawarar da take tasowa lokaci zuwa lokaci a soshiyal midiya, wani ya ce ai "Usman" kuskure ne, ɓata sunan sahabi ne, Uthman shi ne daidai, wani ya ce a'a haka muka taso muka ji malamanmu suna faɗa. Tambayoyi biyu ne aka cakuɗa a wuri ɗaya. Ta farko, wane furuci ne ya dace da Larabci kuma ko akwai laifi a addini in an kauce masa. Ta biyu, wane rubutu ne kwamfutar hukuma za ta karɓa. Amsoshinsu ba ɗaya ba ne.

Asalin sunan da abin da yake nufi

A Larabci rubutu ɗaya tak sunan yake da shi: عثمان. Haruffa biyar, ainun, sa'un mai ɗigo uku, mimun, alif da nun. Daga Maroko har Indonesiya duk wanda zai rubuta shi da harafin Larabci haka zai rubuta, kuma haka malamanmu suke rubuta shi a ajami tun da daɗewa.

Sunan ya girmi Musulunci, Larabawan jahiliyya suna sa wa 'ya'yansu shi. Mahaifin Sayyidina Abubakar (RA), wanda aka fi sani da Abu Ƙuhafa, sunansa na yanka Usman bin Amir. Abin da tsofaffin ƙamus na Larabci irin su Lisanul Arab suka kawo shi ne kalmar tana nufin ɗan tsakon hubara, wani tsuntsun sahara dangin tuje, sannan kuma ana kiran ɗan maciji da ita. Wasu in suka ji wannan sai ransu ya sosu, musamman wanda ya taɓa karantawa a shafukan sunayen jarirai na intanet cewa ma'anarsa "mai hikima" ko "zaɓaɓɓe". To amma haka al'adar Larabawa take, suna son sunayen dabbobi da tsuntsaye. Asad zaki ne, Usama ma zaki, Haidar zaki, Hafs ɗan zaki, Fahad dabba ce dangin damisa, Bakr kuma da yake cikin Abubakar saurayin raƙumi ne.

Abin lura a nan shi ne Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya canza wa wasu sahabbai suna saboda ma'anar ba ta da kyau ko tana ɗauke da yabon kai, misali ya mayar da wata mai suna Aasiya da harafin ainun da sadun, wato mai saɓo, zuwa Jamila, ya mayar da Barra zuwa Zainab. Amma sahabbai masu suna Usman suna nan da dama a gabansa bai canza wa ko ɗaya ba. Wannan ya sa malamai ba su da saɓani a kan halaccin sunan. Hausawa suna cewa suna linzami ne, kuma iyayen da suke raɗa wa ɗansu Usman ba tsuntsu suke kallo ba, mutanen da suka riƙe sunan suke kallo.

Haruffa biyu da suka raba kan duniya

Duk rikicin furucin daga haruffa biyun farko yake. Ainun (ع) daga tsakiyar maƙogwaro take fitowa, kuma Hausa ba ta da ita, don haka Bahaushe sai ya mayar da ita hamza, kamar yadda ya yi a Umar da Ali da Isa da Abdullahi, waɗanda dukkansu da ainun suke farawa a Larabci. Babu wanda yake tayar da jijiyar wuya a kan wannan, har masu rubuta Uthman ɗin ma yawanci ba sa sa wata alama da take nuna ainun. Somaliyawa ne suke da ita a harshensu, suna rubuta ta da harafin c, shi ya sa za ka ga Cismaan ko Cusmaan.

Harafi na biyu (ث) shi ne ake ta magana a kansa. A tajwidi ana fitar da shi ne ta hanyar ɗora kan harshe a gefen haƙoran gaba na sama, harshen ya ɗan leƙo waje, iska ta wuce. Hausa ba ta da wannan sautin shi ma, kuma abin sha'awa shi ne hanyoyi biyu ta bi wajen maye gurbinsa. A wasu kalmomin ta mayar da shi t: Talata, talatin, tamanin, Litinin, dukkansu da wannan harafin suke a Larabci. A wasu kuma ta mayar da shi s: misali, hadisi, sulusi, wasiƙa, tasiri, da sunaye irin su Sani, Salisu, Saminu, Sabitu. Masu nazarin harshe suna danganta wannan da hanyar da kalma ta shigo, waɗanda suka biyo bakin fatake da Larabcin kasuwa sun fi zuwa da t, waɗanda suka biyo ta zaure da littafi sun fi zuwa da s. Usman yana cikin kashi na biyu.

Ka ga ke nan duk mai cewa lallai sai Uthman, in zai bi ƙa'idar har ƙarshe, to Sani ma sai ya koma Thani, Salisu ya koma Thalith. Akwai masu yin hakan, amma ba su da yawa.

Ba Hausawa kaɗai ba ne suka yi wannan sauyin, har Larabawan kansu. A Larabcin titi na Alƙahira wannan harafin ya kan koma t a kalmomin yau da kullum, ya koma s a kalmomin da suka fito daga littafi, kusan daidai da yadda Hausa ta yi, shi ya sa Bamisire zai ce Osman, a karkara ma ka ji Etman. A Sudan Osman ne ya fi yawa a rubutun boko. A Maroko da Aljeriya sai ka ga Othmane ko Otmane. Da yawa daga mutanen Saudiyya da ƙasashen Gulf da Iraƙi sun riƙe sautin yadda yake a fusha, wato Larabcin littafi. Farisa da Pakistan da Indiya s suke yi, Usman ko Osman. Turkawa ba su da ainun ba su da ث, sai suka ce Osman, kuma masu kallon fina-finan tarihin Turkiyya sun saba jin haka. A gabashin Afirka masu Swahili sun riƙe sautin amma sun canza wasulan, suka ce Athumani.

Akwai abu na uku da ba a cika kula da shi ba, wato alif ɗin da ke bayan mimun. A Larabci ana jan shi ne, Usmaan, nauyin kalmar a kan gaɓar ƙarshe yake. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna dogon wasali, don haka sai dai mai karatu ya san da shi.

Usmanu, Usumanu, Mani, Manu da Shehu

Wasalin u da yake zuwa a ƙarshe, kamar a Usmanu, ba ƙari ne na jahilci ba kamar yadda wasu suke zato. Rufu'ar Larabci ce. Malamin zaure in yana karanta littafi yana bayyana wasalin ƙarshen kalma, kuma wannan sunan yana cikin waɗanda nahawu ya hana wa tanwini saboda alif da nun da aka ƙara masa a ƙarshe, don haka ba a cewa Usmanun, sai dai Usmanu. Daga bakin malamai jama'a suka ɗauka, kuma ya dace da Hausa wadda ta fi son kalma ta ƙare da wasali. Haka aka samu Umaru, Aliyu, Bashiru, Kabiru. Jami'ar da ke Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, da wannan sigar take amsa sunanta a hukumance, Usmanu Danfodiyo. Wasu kuma sai su ƙara wani wasalin a tsakiya don sauƙin baki, ya zama Usumanu ko Usuman, daga nan aka gutsuro Manu da Mani.

Sai kuma Shehu. A yawancin ƙasar Hausa in aka raɗa wa yaro Usman to Shehu za a riƙa kiransa, kamar yadda Abubakar yake zama Garba, Umar ya zama Sanda, Muhammad ya zama Mamman. Dalilin a fili yake, girmama Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, har laƙabinsa ya zama inkiyar duk mai sunansa. Alkunya ma ta taimaka wajen yaɗa shi, don uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, matar gida ba ta kiran sunan surukinta, to in an mayar wa jariri sunan kakansa Usman dole a nemo abin da matan gida za su iya furtawa. Tsohon shugaban ƙasa Shehu Shagari, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, cikakken sunansa Shehu Usman Aliyu Shagari.

Amma fa ba kowane Shehu ne Usman ba. Kalmar daga Shaikh take, a Borno sarauta ce, a wajen 'yan ɗariƙa laƙabin jagora ne, kuma yanzu akwai waɗanda Shehun shi ne sunansu na takarda kai tsaye. Wannan yana kawo ruɗani sosai a fom, don in ka ga "Shehu Usman" ba za ka iya sanin mutum ɗaya ne da sunansa da inkiyarsa ba, ko kuwa Shehu ne ɗan Malam Usman.

Turawa sun zo da nasu haruffan

Lokacin da ake rubutu da ajami kaɗai babu wannan matsalar, kowa ya rubuta haruffa biyar ɗin nan ya karanta da bakin garinsu. Da mulkin mallaka ya zo sai kowane Bature ya rubuta abin da kunnensa ya ji da ƙa'idar harshensa. Bafaranshe in ya ga harafin u shi kaɗai wani sauti daban yake ba shi, don haka sai ya rubuta ou, kuma in kalma ta ƙare da an to a hanci zai furta ta n ɗin ta ɓace, shi ya sa ya ƙara e a ƙarshe don n ta fito. Haka Ousmane ya samu. Ba wani suna daban ba ne, in ɗan Maraɗi ko Damagaram ya buɗe baki ya faɗa daidai yake da na ɗan Katsina.

Ingilishi kuma sun yi ta juya shi. A rubuce-rubucensu sunan Mujaddadi Shehu ɗan Fodiyo kaɗai ya fito a matsayin Othman, Usuman, Usman da Uthman. Wannan na ƙarshen, mai th, shi ne tsarin da masanan jami'o'in Turai suke bi wajen juya Larabci zuwa boko, kuma ya yi aiki ne don Ingilishi yana da wannan sautin kuma da th yake rubuta shi. Ƙa'idar rubutun Hausa ba ta da th, don haka Bahaushen da bai yi Turanci ba in ya ga Uthman abin da zai karanta shi ne Utman, ka ga an gudu daga s an faɗa t, har yanzu ba a kai ga sautin Larabcin ba.

A Ghana kuma Osman da Osmanu sun yi yawa a zango-zango, babban limamin ƙasar ma Sheikh Osman Nuhu Sharubutu ake rubuta sunansa. Har kalmar da Turawa suke kiran Daular Usmaniyya ta Turkiyya da ita, Ottoman, daga wannan sunan ta fito, t ce ta maye gurbin ث.

Waɗanda suka ɗaga sunan

Na farko da kowa yake tunawa shi ne Sayyidina Usman bin Affan (RA), halifa na uku, ɗan Banu Umayya daga Ƙuraishawa. Ya auri Ruƙayya 'yar Manzon Allah (SAW), bayan rasuwarta ya auri Ummu Kulsum, shi ya sa ake ce masa Zunnuraini, ma'abocin haske biyu. Ya yi hijira zuwa Habasha, ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, ya ba da dukiya mai yawa wajen shirya rundunar Tabuka, kuma shi aka aika Makka a lokacin Hudaibiyya, jita-jitar cewa an kashe shi ce ta jawo Bai'atur Ridwan. An san shi da tsananin kunya. Ya riƙe halifanci kimanin shekara 12, daga 644 zuwa 656 miladiyya, aka kashe shi a gidansa a Madina a watan Zulhijja na shekara ta 35 bayan hijira. Babban abin da ya sa sunansa yake bakin kowane ɗalibin Alƙur'ani shi ne haɗa al'umma a kan mus'hafi ɗaya, aikin da Zaid bin Sabit da wasu Ƙuraishawa uku suka yi da umarninsa, har yau ana kiran salon rubutun Rasmul Usmani.

Akwai wasu sahabban. Usman bin Maz'un, mai yawan ibada da gudun duniya, wanda malaman tarihi suka ce shi ne farkon Muhajirin da aka binne a Baƙi'a. Usman bin Ɗalha, wanda aka mayar wa mabuɗin Ka'aba ranar buɗe Makka. Usman bin Abil As, wanda aka ɗora a kan mutanen Ɗa'ifa yana matashi.

Ga wani kuma da mutanenmu suke ambato kullum ba tare da sanin sunansa ba. Warshu, mai ruwayar da tsangayoyin ƙasar Hausa da Borno suke karatu da ita tun fil azal, sunansa na yanka Usman bin Sa'id. Bamisire ne, an haife shi a shekara ta 110 bayan hijira ya rasu a 197, ya je Madina ya yi karatu a wajen Imam Nafi'u, kuma malamin nasa ne ya laƙaba masa Warsh. Wato gardin da yake rubuta allonsa da zubin Usmani yana karantawa da ruwayar Warshu, Usman biyu yake bi a lokaci guda. A fagen ilimi akwai kuma Abu Amr ad-Dani na Andalus masanin ƙira'a, shi ma Usman bin Sa'id, da Ibn Jinni masanin harshen Larabci, da Ibnul Hajib malamin Malikiyya, da Ibnus Salah na ilimin hadisi, dukkansu Usman ne sunansu amma alkunya ko nasaba ta rufe shi.

Osman na farko, wanda ya kafa daular Turkawa a wajejen 1299, shi ne ya sa sunan ya zama na daula, kuma zuriyarsa ta yi mulki har 1922, aka soke halifancin a 1924. Wasu masana tarihi suna ganin asalin sunansa na Turkanci ne, Atman ko Ataman, daga baya aka daidaita shi da na Larabci, suna kafa hujja da yadda marubutan Rumawa na zamaninsa suka rubuta shi. Wasu kuma sun tsaya a kan Usman ɗin ne tun farko.

A nan yankinmu kuwa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ya sa sunan ya cika gari. An haife shi a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, wurin yana cikin Jamhuriyar Nijar a yau, ya tashi a Degel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808, ya rasu a Sakkwato a 1817. Kakansa ma Usman ne, kuma cikin malamansa na farko akwai wani ɗan'uwansu Usman Binduri, abin da yake nuna sunan ya riga ya zauna a gidajen malaman Fulani tun kafin jihadi. Bayansa sai ya shiga gidajen sarauta, Kano ta yi Sarki Usman daga 1919 zuwa 1926, Katsina ta yi Usman Nagogo daga 1944 zuwa 1981, kuma daga kansa sunan ya zama kamar na iyali, ɗansa Muhammadu Kabir Usman, jikansa Abdulmumini Kabir Usman. Masanin tarihin nan Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ma daga gidan sarautar Katsina ya fito.

Na zamani ba sa ƙirguwa. Mahamane Ousmane ɗan Damagaram ya shugabanci Nijar daga 1993 zuwa 1996. Marigayi Usman Baba Pategi shi ne Samanja Mazan Fama. Senegal tana da Ousmane Sembène mai shirya fina-finai da Ousmane Sonko da aka naɗa firaminista a 2024. Can baya Sudan ta yi Osman Digna, kwamandan Mahdi a gabashin ƙasar. 'Yan ƙwallo sun san Ousmane Dembélé na Faransa da ya ci Ballon d'Or a 2025, masu kallon dambe kuma sun san Kamaru Usman haifaffen Auchi.

Wuri ɗaya da sunan ya yi ƙaranci shi ne cikin al'ummomin Shi'a, kamar a mafi yawan Iran, saboda matsayinsu a kan halifofi ukun farko. Duk da haka ɓangarorin biyu sun yarda cewa Sayyidina Ali (RA) yana da ɗa mai suna Usman wanda aka kashe a Karbala tare da Husaini. Ahlus Sunna suna kawo wannan a matsayin shaidar ƙauna tsakanin Ali da halifa na uku, littattafan Shi'a kuma suna cewa sunan Usman bin Maz'un ya mayar masa.

Masu cewa a gyara da masu cewa a bari

Masu goyon bayan Uthman, waɗanda yawancinsu sun fito daga makarantun Islamiyya na zamani ko sun yi karatu a ƙasashen Larabawa, hujjarsu ita ce sunan na Larabci ne kuma na sahabi, don haka girmamawa ce a furta shi yadda mai shi yake furtawa. Suna ƙarawa da cewa yaron da ya saba mayar da ث zuwa s a sunansa zai kai wannan sabon cikin karatun Alƙur'ani, inda musanya harafi kuskure ne da zai iya canza ma'ana. Wannan damuwar tana da tushe, duk malamin tajwidi a ƙasar Hausa ya san irin famar da ake sha wajen raba wa ɗalibi ث da س da ص, don duka ukun s ɗaya Hausa ta mayar da su.

Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa kiran suna ba tilawa ba ne. Sunan Usman bai zo a cikin Alƙur'ani ba, kuma hukuncin tajwidi a kan karatun Alƙur'ani yake, ba a kan hirar gida ba. Suna nuna cewa Larabawa da kansu suna gutsure suna, har ya tabbata a hadisi Manzon Allah (SAW) ya kira Nana A'isha da "Ya A'ish". Sannan manyan malaman da suka rayu a wannan ƙasar, waɗanda suka rubuta littattafai da Larabci tsantsa, ba a san su da hana jama'a cewa Usmanu ko Shehu ba. A ganinsu mutum zai iya fitar da harafin daidai a salla da huɗuba da darasi, in ya dawo Hausa ya yi Hausa.

In aka duba da kyau saɓanin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ɓangaren farko ba su da nassin da ya ce mai cewa Usman ya yi zunubi, na biyun kuma ba su musanta cewa furucin fusha shi ne asali ba. Abin da ya rage zaɓi ne na wanda ya fi, kuma nan ne ra'ayin makaranta da na gida da na zamani suke shigowa. Raunin hujjar farko shi ne th ba ta koya wa Bahaushe sautin, sai ya ji daga bakin malami. Raunin ta biyu kuma shi ne ba ta ba da amsa ga yawan sigogin da suke yawo a takarda ba.

Inda abin yake taɓa talaka

Kwamfuta ba ta san tarihi ba, haruffa take gwadawa ɗaya bayan ɗaya. A wajenta Usman da Uthman mutum biyu ne, Usman da Usmanu ma haka. Ɗauki ɗalibin da hedimasta ya rubuta masa Usuman tun yana aji ɗaya, ya yi jarrabawar gama sakandare da Usman, ranar da ya je yin NIN kuma ya faɗi sunansa da baki mai shigar da bayanan ya buga Uthman don shi haka ya saba. JAMB daga bayanan NIN take ɗauko suna, don haka takardar shiga jami'arsa za ta fito da Uthman, sakamakon sakandare yana ɗauke da Usman, ranar tantancewa sai a ce ya je ya daidaita. Daga nan sai zuwa kotu yin takardar rantsuwa, wani lokaci har da buga sanarwa a jarida, sai biyan kuɗin gyara, sai jira, ga kuɗin mota in daga ƙauye yake.

Tsofaffi sun fi shiga tsaka mai wuya. Dattijon da ya yi aiki shekara talatin da Shehu a takardar albashi, amma a banki da katin ɗan ƙasa Usman ne, zai iya samun tsaiko a fansho. Magada ma haka, in sunan mamaci a takardar fili ya saɓa da na asusunsa. Ga kuma matsalar jeri, don a al'adarmu sunan mutum ne farko sannan na mahaifi, fom ɗin hukuma kuma yakan nemi sunan iyali a farko, sai Usman Bello ya koma Bello Usman a wani wurin, kuma duka biyun sunaye ne da ake sa wa mutum, babu yadda ma'aikaci zai gane an juya. Wanda aka mayar wa sunan mahaifinsa da ya rasu kafin a haife shi kuwa sai ya zama Usman Usman.

Mutanen kan iyaka suna da tasu. Iyali ɗaya, wa yana Jibiya da Usman, ƙane yana Maraɗi da Ousmane a matsayin sunan uba, in aka zo turo kuɗi ko neman biza ko tabbatar da dangantaka a ofishin jakadanci sai an yi dogon bayani. Fasfo kuma da haruffan boko kaɗai injin yake karanta suna, kuma abin da ke fasfo shi biza da tikitin jirgi suke bi, har na aikin Hajji da Umara.

Babu wata doka a Najeriya da ta ce ga sigar da za a rubuta wannan sunan da ita, hukumomi daidaito kawai suke nema tsakanin takardu. Saboda haka ga wanda takardunsa suka riga suka tafi a kan Usman, komawa Uthman a rubuce yana nufin bin kowace takarda a gyara ta, alhali zai iya furta sunansa da cikakken harafin Larabci ba tare da ya taɓa takarda ko ɗaya ba. Ga wanda nasa suka riga suka saɓa, hanya mafi sauƙi yawanci ita ce a duba wace siga ce take kan takardun da suka fi wuyar canzawa, irin su sakamakon jarrabawa da takardar digiri, sai a jawo sauran su bi ta. Masu sabon jariri kuma su ne suke da cikakken zaɓi, don yanzu ana yi wa yara NIN tun suna ƙanana, kuma duk abin da aka buga a takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya shi makaranta da asibiti da banki za su yi ta kwafa. Ma'aikacin rajista abin da ya ji ko ya saba shi zai buga, sai dai in uban ya miƙa masa sunan a rubuce kuma ya karanta takardar kafin ya bar wurin.